Cikin Tagwaye Daga Wata Bakwai Zuwa Haihuwa: Jagora Ga Matan Damagaram

Ranar da aka yi mini eko, matar da ke riƙe da na'urar ta daɗe tana zagaya ta a kan cikina ba ta ce uffan ba, har gabana ya fara faɗuwa. Can sai ta juyo da allon wajena, ta ɗora yatsa nan, ta ɗora can, ta ce, "Madam, kai biyu ne." Na hau adaidaita na koma gida ina ta hamdala a zuci. Ban faɗa wa kowa ba sai maigida da Innata, kamar yadda muka saba da ɓoye ciki, amma cikin da kansa ya tona asiri, don tun ina wata shida mata ke tambayata ko haihuwa yau ko gobe.

Maganar da ta fi yi mini amfani, wata dattijuwar ungozomar asibiti ce ta faɗa mini ita wajen awo. Ta ce, "Ɗiyata, ki daina ƙirga wata tara. Ƴan biyu ba su cika jiran wata tara ba." Gaskiya ta faɗa. Fiye da rabin tagwaye kafin sati 37 ake haihuwarsu. Saboda haka duk shirin da mai ciki ɗaya take ajiyewa sai watan haihuwa ya kama, ke ƴar'uwata ki gama shi cikin wata na bakwai. Ga yadda za ki bi abin daki-daki. Inda maganar likitan da ke duba ki ta saɓa da tawa, tasa za ki ɗauka, shi ya ga cikinki.

Mataki na farko: gyara lissafi

Ki koma ƙirga da sati, kamar yadda ake rubutawa a karnenki, wato katin awonki. Cikakken ciki sati 40 ne. Daga sati 28 kin shiga zangon ƙarshe. Ki nemi a nuna miki a kalanda ranar da za ki cika sati 34 da ranar da za ki cika 37, ki sa musu alama, maigida ma ya sani.

Sannan akwai tambaya ɗaya da yawancinmu ba mu san ana yi ba: mabiyiya ɗaya suke ci, ko kowa da tasa? An fi gane wannan a ekon farkon ciki, kafin sati 14, don haka ki ɗauko tsohuwar takardar ekonki ki ce a karanta miki. In kowane yaro da mabiyiyarsa, ana son a riƙa duba girmansu da eko kamar kowane sati 4, kuma likitoci kan so a haihu wajen sati 37, ba a barin cikin ya zarce 38. In mabiyiya ɗaya ce, sa ido ya fi yawa, kusan kowane sati 2, domin jini kan iya rinjaya wajen ɗaya ya bar ɗayan, kuma akan tsara haihuwa wajen sati 36. Akwai waɗanda ma jakar ruwa ɗaya suke ciki. Ba su da yawa, su kam da aiki ake fiddo su tun kafin haka.

In likita ya ce lokaci ya yi alhali ba ki ji naƙuda ba, kada dangi su ce an yi gaggawa. Mabiyiyar da ke ciyar da rai biyu ta fi saurin gajiya.

Mataki na biyu: awo, da abin da za ki tambaya

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. Wannan ga mai ɗa ɗaya ke nan. Ke naki ya fi haka. Na san zaman layin awo da wannan ciki ba wasa ba ne, ƙafa ta kumbura, benci ya yi tauri. Ki yi sammako, ki riƙe ruwa da ɗan abin taɓawa, amma kada ki tsallake rana.

Duk zuwa, ki tabbata an auna tansiyonki kuma an rubuta. Ki koyi karanta shi da kanki: in ya kai 140 a kan 90, wato 14/9 yadda ake faɗa a nan, magana ta canza. Hawan jinin ciki ya fi kama masu tagwaye ninki biyu zuwa uku, shi ne kuma ke kai mace ga jijjiga. Ki ce a duba fitsari. Ki ce a auna yawan jininki: ƙasa da 11 jini ya yi ƙasa, ƙasa da 7 hatsari ne babba. Ki san rukunin jininki, ki haddace shi kamar sunanki.

Fansida ta rigakafin zazzaɓin sauro, ƙwaya uku ake haɗiyewa a gaban ungozoma, da tazarar wata guda tsakanin sha da sha, aƙalla sau uku, ana ci gaba har haihuwa. In ƙarshen cikinki ya faɗo a damina ko farkon kaka, daga Agusta zuwa Oktoba lokacin da sauro ke cin kasuwarsa, gidan sauro ya zama dole ko da zafi ya ishe ki. Zazzaɓi yana shanye jini, yana kuma tayar da naƙuda kafin lokaci. Allurar tetanus ma a duba ko ta cika.

Mataki na uku: ci da sha

A nan na fi shan wuya. Yara biyu sun tokare ciki har ƙirji, loma uku na tuwo sai in ji kamar na cinye akushi, ga ƙwannafi da dare. Abin da ya fisshe ni shi ne na daina jiran lokacin cin abincin gida. Na raba cina kashi shida ko bakwai, kaɗan-kaɗan: kunun gyaɗa da safe, dafaffen ƙwai da hantsi, shinkafa da wake ko ɗanwake da rana, hura da nono mai kyau da la'asar, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ɗan tuwo da miyar kuka ko yakuwa tun kafin isha'i don ya sauka kafin in kwanta. Na ajiye gyaɗa da dabino a gefen katifa saboda yunwar tsakar dare.

Ba sai mai kuɗi ba. Wake, awara, ganye, busasshen kifi, har fara in kina cinta kuma ta soyu sosai, duk suna gina jiki. In an samu nama a gidan, rabonki ya fi na kowa a watannin nan, kuma wannan magana maigida ya kamata ya faɗe ta da bakinsa a tsakar gida, don kada kunya ta hana ki miƙa hannu.

Ƙwayar ƙarin jini kullum ce, ba sai ranar da kika tuna ba. Tana sa bayan gida ya yi baƙi, wani lokaci ya yi tauri. Wannan ba ciwo ba ne, ki ƙara ruwa da ganye. Ki sha ta da lemu ko goba a kusa, sun fi taimaka mata shiga jiki. Ki raba ta da shayi da kamar awa biyu, don shayi yana tare ta. Masu cewa ƙwayar tana sa yaro ya yi ƙato har ya gagari haihuwa, ki bar su da maganarsu. Tagwaye ƙanƙanta ake jin musu tsoro, ke kuma jinin nan shi za ki tarar ranar haihuwa. In kina jin kwaɗayin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara, ki faɗa wajen awo, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce.

Za a kawo miki jiƙe-jiƙe da maganin zaƙi, da kyakkyawar niyya kuwa, daga hannun mutanen da kike jin nauyinsu. Ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, amma kada ki sha abin da ba ki san me ke ciki ba. Wasu saiwoyin suna murɗa mahaifa, ke kuma mahaifarki ta riga ta miƙe iyakar miƙewa. Haka magungunan ciwon jiki na masu talla a tire, irin su ibuprofen da diclofenac, ba na mai tsohon ciki ba ne, suna taɓa ƙodar yaro da ruwan da yake ciki. In ciwon baya ya matsa, parasetamol, shi ma gwargwadon yadda aka rubuta miki.

Mataki na huɗu: aikin gida, barci da ibada

Duk ɗan Damagaram ya san sha'anin ruwa a garin nan. Famfo ya kawo da ƙarfe biyun dare, kowa ya tashi tara. Bidon lita 25 kilo 25 ne cur, ki ɗora shi a kan abin da kike ɗauke da shi. Daga wata bakwai ki sauke wannan aikin, da daka, da wankin duƙe, da ɗaukar babban yaro a baya. A sayi na ga-ruwa ko a sa yara. Hutu kuma ba kwanciya wuni guda ba ne: kwanciyar dole ba ta hana haihuwar bakwaini, tana ma iya sa jini ya daskare a ƙafa. Ki riƙa ɗan zagaya tsakar gida da sanyin safiya da bayan magariba, in kin zauna ki ɗora ƙafafu a kan kujera ƴar tsugunno.

A bazara, Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40. Ƙishirwa kaɗai tana iya sa mara ta riƙa ɗaurewa. Ki dubi fitsarinki, in ya yi ja-ja ruwa bai ishe ki ba. Jiƙaƙƙen zane a wuya da ƙafa yana taimakawa in an ɗauke wuta.

Kada ki yi barci a rigingine, nauyin cikin yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Ki kwanta a gefe, hagu ya fi, filo ɗaya tsakanin gwiwoyi, zane naɗaɗɗe a ƙarƙashin cikin, wani a baya. In numfashi na yi miki wuya ki tada kai da kafaɗu. Wajen tashi, ki juya gefe tukuna ki dafa hannu.

Salla a zaune halal ce ga wadda tsayuwa ko sujada ta gagara, har a kishingiɗe in ta kai ga haka. Ni a kan kujera na yi sallar watanni biyun ƙarshe. In azumi ya riske ki, addini ya yi wa mai ciki rangwame in tana tsoron cutuwa ko cutuwar abin da ke cikinta. Ki tambayi likita, ki tambayi malami yadda za ki rama.

Mataki na biyar: a yanke shawarar wurin haihuwa tun yanzu

Wannan shi ne ƙashin bayan maganar, kuma ba taki ba ce ke kaɗai. Ki sa a zauna: ke, maigida, uwar miji ko babbar da ake jin maganarta a gidan, da Innarki in tana kusa.

Tagwaye ba a haihuwarsu a ɗaki, ko da kin haifi shida a kan tabarma lafiya lau. Dalili uku ne. Na farko, bayan Hasan ya fito, fili ya samu, Husaini na iya juyawa ya kwanta a gicciye ko ya miƙo hannu, kuma mintoci ne tsakanin gyara da asara. Na biyu, mahaifar da ta ɗauki biyu ba ta saurin tsukewa bayan haihuwa, jini na iya ɓallewa. Na uku, yaran na iya zuwa ƙanana, ƙasa da kilo 2 da rabi, su buƙaci ɗumi da taimakon numfashi. Saboda haka wurin da za a nufa shi ne inda ake aiki dare da rana, akwai jini, akwai sashen jarirai. A cikin gari muna da Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro, wadda aka fi sani da CSME, ga kuma babban asibitin ƙasa. Ki tambayi ungozomar CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ina za ta tura ki, ta rubuta miki takardar turawa tun kafin ranar. In hali ya yi, ku je ku ga ƙofar da ake shiga da dare.

In daga ƙauye kike, ta wajen Tanut ko Gure ko can cikin Dungas, inda tafiya ke cin awoyi, ki tambaya ko asibitin gundumarku na yin aiki. In ba ya yi, ki dawo gidan dangi a Zinder tun wajen sati 34. Mai cikin fari da za ta tafi goyon ciki, a duba: in gidan iyaye ya fi nisa da asibiti, a jinkirta tafiyar sai an sauka.

Sai izini. Mata da yawa sun galabaita a ɗaki ana jiran maigida ya dawo daga kasuwar ƙauye ko wayarsa ta shiga. Maigida, don Allah ka furta yau a gaban mahaifiyarka da ƙannenka: "Ko ba na nan, in ta ce a tafi, a tafi." Ka bar kuɗin mota a hannunta, ba a aljihunka ba.

Tun 2005 gwamnatin Nijar ta mayar da aikin fiddo jariri kyauta a asibitocinta, a 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Duk da haka a yi tanadi, don akwai abin da za a rubuta a ce a sayo a farmasi, ga abinci, ga zirga-zirga. In kina adashi, ki roƙi a ba ki kwasar wata na bakwai. Ragunan suna biyu suna da lokacinsu, kuɗin asibiti ya riga su.

A nemi mutum biyu ko uku cikin dangi masu lafiya waɗanda suka yarda za su ba da jini, a ajiye lambobinsu. A nemi mai adaidaita ko mai mota biyu a unguwa da za su ɗaga waya ko ƙarfe nawa ne. Mai naƙudar tagwaye ba ta hawa kabu-kabu. In gidanku na cikin lungunan Birni inda mota ba ta kaiwa ƙofa, a san tun yanzu ta inda za a fito da ke.

Kuma a yi maganar aiki a fili. In na farko ya zo da kai, sau da yawa ana haihuwa lafiya ba tare da an yi aiki ba. In ya zo da ɗuwawu ko a gicciye, ko mabiyiya ta tare hanya, aiki ne mafita. Wadda aka yi wa aiki ba raguwa ba ce. Kada a tsaya gardamar sa hannu a bakin ɗakin tiyata.

Mataki na shida: alamun da ba a kwana da su

Ki sa a karanta wa duk mutanen gidan wannan. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko bakin ciki, kumburin fuska da hannu farat ɗaya. Jini ko kaɗan ne. Ruwa ya fashe ko yana ɗiga. Zazzaɓi. Numfashi na gagara ko kina zaune. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Motsin yara ya ragu a kan yadda kika saba: da wuya ki bambance wane ne ya motsa, don haka in kin ji gefe ɗaya ya yi shiru, kada ki ce ai ɗayan na motsi, ki je a saurari zuciya biyun.

Naƙudar wuri ba kullum take zuwa da ihu ba. Ni da ciwon baya mai zuwa yana tafiya ta fara mini, ina sati 35, na ɗauka gajiya ce. In mara na ɗaurewa tana saki sau huɗu ko fiye a awa ɗaya, kin sha ruwa kin kwanta a gefe ba ta lafa ba, ki tafi. Zuwa da wuri yana da riba: kafin sati 34 akwai allurar da ake yi wa uwa don huhun yara ya yi ƙwari, kuma tana son kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta gama aikinta. Dauriya da kunyar da aka koya mana, ta kada a ji bakinki a naƙuda, ba wurinsu ba ne nan.

In mace ta fara jijjiga, a kwantar da ita a gefe, kada a cusa mata cokali ko ruwa a baki, kada a tsaya hayaƙi. A yi addu'a a cikin mota. Akwai allurar da ke tsayar da ita a asibiti.

Mataki na bakwai: kaya

Jaka ta kasance a bakin ƙofa daga sati 30: karne da duk takardun eko, zannuwa tsofaffi masu tsabta da yawa, ƙunzugu, sabulu, bokiti, fitila, cajar waya. Na yara komai biyu, da huluna da safa ko da bazara ce, balle a hunturun Disamba da Janairu, don ƙaramin jariri ta kai yake zubar da ɗuminsa. Kada ki sayi kaya manya.

Mataki na takwas: ranar, da kwanakin da ke biye

Da naƙuda ta tabbata a kama hanya, ba a jira ta kankama. Da isa, kalmar farko a bakin mai rakiya ita ce "ƴan biyu ne". Kada a yarda kowa ya yi miki allurar ƙarin naƙuda a gida ko ya danna miki ciki. In Allah ya sa na farko ya faɗo a gida ko a hanya, a goge shi, a ɗora shi a ƙirjinki a rufe, kada a ja cibiya, kada kuma a yanke ta sai an ɗaure ta wuri biyu an yanka a tsakani, domin in mabiyiyarsu ɗaya ce na cikin na iya zubar da jini ta nan. A ci gaba da tafiya asibiti.

Maganar jego ma a gama ta tun yanzu, don mai ɗanyen jiki ba ta iya musu. Kunun kanwa da yawa da wankan tafasasshen ruwa suna ɗora wa zuciya nauyi, mai tagwaye kuwa tana cikin waɗanda ciwon zuciyar bayan haihuwa ya fi kamawa, balle in tansiyonta ya hau. Ki roƙi Inna da lalama: ruwa mai ɗumi, kunu ba kanwa ko ɗan kaɗan. In bayan haihuwa kina haki ko tari in kin kwanta, ko jini na jiƙa zane bayan zane, asibiti za a koma.

Nonon uwa ɗaya yana isar yara biyu, yawan tsotso ke ƙara shi, kuma ruwan farko mai ɗorawa-ɗorawa kada a matse shi a zubar. In sun zo ƙanana za a koya miki goyon ƙirji, fata da fata, a ɗaure da zane. Wannan goyon ba na uwa ba ne ita kaɗai: nawa, ɗaya na ƙirjina, ɗaya na ƙirjin ƙanwata, muna musanya in an yi kiran salla. Don haka cikin abin da za ki shirya a wata na bakwai har da sunan wadda za ta zo ta zauna da ke har arba'in, a je a roƙi mijinta ko iyayenta tun yau.